Wai bulala 200 ta isa ta wanke shugaban Shaolin?

Ɗan Kurmi:
Salamu alaikum jama'ar gida. Jiya da daddare na ƙarasa Tian Long Ba Bu, fim ɗin China mai dogon zango da aka ɗauko daga littafin marubuci Jin Yong, na 2003 wanda Hu Jun ya fito a Qiao Feng, kuma wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Ba Murong Bo ne ya ɓata min rai ba, shi dama mugu ne tun asali kowa ya sani, wanda ya tsaya min a wuya shi ne wannan tsohon mai ƙwalkwabo, Xuanci, shugaban Shaolin, gidan bautar malaman Budda masu kungfu. Mutum ya ja zuga ta mutum 21 suka je mashigar Yanmen da ke kan iyaka suka yi kwanton ɓauna saboda kawai wani ya raɗa masa cewa mayaƙan Khitan, mutanen daular Liao ta arewa, na tafe za su sace littattafan faɗa na Shaolin, bai bincika ba bai aika ɗan leƙen asiri ba, suka far wa magidanci da matarsa da jaririnsu suna kan hanyar zuwa ganin dangi, suka kashe matar. Bayan sun gano kuskure ne sai ya ɗinke bakinsa shekara 30. Jaririn nan, wato Qiao Feng, ya girma ya zama shugaban ƙungiyar mabarata, aka tona asalinsa aka kore shi kamar kare, yana yawo gari gari yana tambaya waye babban yayan da ya jagoranci kashe uwata, duk wanda ya san amsa sai a wayi gari ya mutu, shi kuma yana zaune a Shaolin yana jan carbi. Amma a ƙarshe sai na ga an sa masa kiɗan tausayi wai don ya kwanta an yi masa bulala 200. Ni dai ban gane ba, ko akwai abin da ya wuce ni?

Likitan Waya:
Haba Ɗan Kurmi ka ba mu labari tun ba mu kai ba, ni ina kashi na 19 fa. Allah ya isa data ta.

Ɗan Kurmi:
Labarin da aka fara bugawa a jarida tun 1963, in ba ka kalla ba har yau ai laifinka ne mutumina.

Bintun Baba:
Wa alaikumus salam. Yaya ba abin da ya wuce ka, sai ma abin da ba a nuna maka sosai ba. Ni littafin na karanta, fassarar da masoya suka yi a intanet, kuma a can abin ya fi muni. Ka tuna dajin nan da aka tona asirin Qiao Feng? Wasiƙar da aka fito da ita ai Xuanci ne ya rubuta wa Wang Jiantong tsohon shugaban mabarata, yana ba shi shawara kada ya miƙa wa yaron shugabanci tunda jininsa na Khitan ne. Wato kai ka mayar da yaro maraya, kai ka sa aka kai shi gidan manomi a gindin dutsen Shaolin, ɗan uwanka Xuanku ya koya masa faɗa, sannan ka koma ta bayan fage kana cewa a yi hattara da shi. Ga kuma wancan malamin Zhiguang da ya yage wurin sa hannun ya haɗiye a gaban jama'a don kada a san sunan. Shi a ganinsa rufin asiri ya yi. Wannan 'yar takardar da ya haɗiye ita ta ci ran A'Zhu masoyiyar Qiao Feng, don da shi ya ga sunan tun ranar da matar Ma, mataimakin shugaban mabarata, ba ta samu ƙofar yi masa ƙarya ta ce Duan Zhengchun, mahaifin A'Zhu, ne ba.

Tsohon Soja:
Yara ku bi a hankali. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ku sa kanku a zamanin tukuna, daular Song ce a kudu daular Liao a arewa, an sha gwabzawa, kan iyaka kullum cikin zaman ɗar-ɗar. Mutumin da ya kawo labarin ba baƙo ba ne, Murong Bo abokinsa ne, sananne, mai mutunci a idon duniya. An ce maka abokan gaba na tafe za su kwashe sirrin faɗanku su koya wa sojojinsu, kuma lokaci ya ƙure. Me za ka yi? Ka kafa kwamiti? Na yi aikin ɗamara shekaru, na san yadda rahoto ke zuwa da tsakar dare daga bakin wanda ka yarda da shi, ba ka da awa biyu ta yin tunani. Akwai daren da muka kwana a cikin gero muna jiran wata mota da aka ce ta makamai ce, da ta iso buhunan albasa ne da tsoho ɗaya yana gyangyaɗi a kai. Allah ya tsare ba wanda ya taɓa kunamar bindiga. Da wani ya taɓa fa? Har gobe in na ji warin albasa a tasha sai na tuna daren nan. Don haka ni ba na zagin Xuanci kan Yanmen.

Ɗan Kurmi:
Baba na ji, kuma Allah ya ƙara tsarewa. To mu ajiye Yanmen, mu ce kuskure ne na dare ɗaya. Shekara 30 ɗin fa? Ita ma rahoton gaggawa ne?

Tsohon Soja:
A nan kam ka kama ni ɗana. Amma ko a nan akwai abin dubawa. Ba sunansa kaɗai yake karewa ba. In aka ji shugaban Shaolin ne ya kashe matar babban jami'in Liao ba gaira ba dalili, maganar ba ta tsayawa a tsakanin 'yan kungfu, tana iya zama yaƙin ƙasa da ƙasa, wanda dama shi Murong Bo yake nema don ya samu ya farfaɗo da masarautar kakanninsa ta Yan. Wani lokaci shugaba yana haɗiye magana ba don tsoro ba.

Maman Hanan:
Ni fa duk wannan siyasar ba ita ta dame ni ba. Kun yi ta maganar Qiao Feng ba wanda ya ambaci Ye Erniang. Yarinya ƙarama, Xuanci ya yi wa babanta magani, ya yi mata ciki yana sanye da rigar da ta haramta masa ko kallon mace, ya ba ta kuɗi ya koma kan kujerarsa. Aka zo aka fizge mata jariri aka yage mata kumatu. Ta zauce, ta koma satar 'ya'yan mutane kullum, ta yi musu wasa da safe ta hallaka su kafin dare, shekara 24 tana wannan aiki har aka sa ta a cikin manyan mugaye huɗu na duniyar labarin. Kuna so ku ce min shugaban Shaolin, wanda duk abin da ya motsa a duniyar 'yan faɗa sai an kai masa rahoto, bai san me take yi ba? Ku lissafa kwanakin shekara 24. Ni akwai ranar da Hanan ta ɓace min a gidan biki tana shekara uku, awa biyu kacal, na fita titi ba mayafi takalmi ƙafa ɗaya ina tare masu adaidaita ina tambayarsu, ashe tana ƙarƙashin gadon amarya ta yi barci da cincin a hannu. Awa biyu fa. To kowace uwa da matar nan ta ɗauke wa ɗa, rabin alhakin yana wuyan wancan tsohon. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, sannan a ce min wai gwarzo ne don ya sha bulala.

Bintun Baba:
Anti kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Shi kansa Jin Yong ɗin da alama abin ya dame shi, don a gyaran ƙarshe da ya yi wa littattafansa ya sassauta, ya mayar da ita tana sace yaran ta kai su gidajen baƙi maimakon kashewa. Amma ni a wurina hakan bai wanke Xuanci ba, uwa dai ta rasa ɗanta ko a raye yake.

Likitan Waya:
To tunda kun riga kun fasa min ƙwan, waye ɗan nasu?

Maman Hanan:
Xuzhu mana, ɗan malamin nan mai kunya da ba ya iya kashe ko ƙwaro. Baban Qiao Feng, Xiao Yuanshan, ai bai mutu ba da ya faɗa ramin Yanmen, shi ya sace jaririn ya ajiye a lambun Shaolin, ya ce yadda aka raba shi da ɗansa haka zai raba su da nasu. Yaro ya tashi a gaban ubansa shekara 24 ba wanda ya san wani.

Likitan Waya:
Kai! Innalillahi. Wannan ai ya fi fim ɗin Indiya.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da hira. Tun ɗazu nake karantawa. Da farko ina da 'yar gyara, na ga wani a wancan zaren yana kiran waɗannan mutanen sufaye, don Allah mu bar wannan, sufi abu ne namu da ma'anarsa daban. Littattafanmu na da kalmar rahibi ga wanda ya ƙaurace wa duniya ya tare a wurin bauta, ko dai mu ce malaman Budda kamar yadda ake faɗa a rediyo. Na biyu, Maman Hanan tana da gaskiya amma ina so mu yi wa mutumin adalci a kan ranar ƙarshe. Ba wanda ya ambaci sunansa. Xiao Yuanshan ya matsa wa matar a gaban dubban mutane ta faɗi uban ɗanta, ta ƙi, tana kuka tana cewa mutumin kirki ne laifinta ne. Da ya yi shiru da ya wuce, ko aƙalla a yi ta zargi ba hujja. Shi ya miƙe da kansa ya kira yaron ya shafa kansa. Aka yanke wa Xuzhu sanda 130, shi ya ce tunda shi ne shugaba a ninka masa na laifin mace, 200, kuma ya ƙi amfani da ƙarfin cikinsa ya kare jikinsa, tsoho, har masu dukan suna so su tsaya ya ce su cika. Shugabanni nawa kuka sani da za su kwanta a gaban almajiransu a yi musu haka?

Ɗan Kurmi:
Malam ai ranar wanka ce ba a ɓoyon cibi. Xiao Yuanshan ya riga ya faɗi kogon da suke haɗuwa, ya faɗi ungozomar da ta karɓi haihuwa, ya ce uban babban malami ne kuma yana nan a wurin. Saura me? Saura ya nuna shi da yatsa. Wannan ba tuba ba ne, riga malam masallaci ne. Kuma ka duba da kyau laifin da ya sa aka yi masa bulalar: karya dokar kusantar mace. Ba matar da aka kashe a Yanmen ba, ba yaran mutane ba, ba su Qiao Sanhuai da matarsa tsofaffin da suka yi renon yaron aka kashe su a bukkarsu ba. Dokar gidansu ya biya, sunan Shaolin ya wanke. Mutanen da ya zalunta ko sanda ɗaya ba a yi dominsu ba.

Maman Hanan:
Yawwa! Ka faɗi abin da na kasa haɗawa. Sannan ya kashe kansa ya bar yaron. Yaro ya samu uwa da uba a rana ɗaya, kafin rana ta faɗi duka biyun gawa, don ita ma ta soka wa kanta wuƙa. Ko a nan kansa ya duba.

Tsohon Soja:
Hajiya kin yi tsauri. Wane irin zama zai yi bayan wannan?

Maman Hanan:
Irin zaman da ita ta yi shekara 24 Baba.

Bintun Baba:
Hhhh Anti ba sauƙi. Amma ku tsaya, in dai maganar yanke hukunci mai ɗaure kai ce ni wanda ya fi ba ni mamaki ba Xuanci ba ne, tsohon nan ne mai shara a ɗakin littattafai wanda ko suna ba a ba shi ba. Kowa na sonsa don shi ya fi kowa ƙarfi a labarin, amma ku yi tunani. Da bakinsa ya ce fiye da shekara 40 yana wurin, yana kallon Xiao Yuanshan da Murong Bo suna shigowa da dare suna kwasar littattafan faɗa, ya san su ya san abin da ke ransu, abin da ya yi kawai shi ne ya ajiye littafin wa'azi kusa da wanda za su ɗauka ko Allah zai sa su buɗe. Ba su buɗe ba. Ya ci gaba da shara. Mutumin da zai iya kama su biyun da hannu ɗaya kamar 'yan tsaki. Sai da kowa ya gama mutuwa sannan ya ajiye tsintsiya ya buge su suka sume kamar sun mutu ya tashe su, ya ce to shi ke nan kun zama almajiraina an yafe. Wa ya yafe? Murong Bo da ya haddasa komai ya ƙare da aski da sabuwar riga, ko mari bai sha ba a gaban waɗanda ya cuta.

Likitan Waya:
Ka ji ɓarawon zaune. Yana ganin sata shekara 30 yana shara.

Ɗan Damagaram:
A nan ne nake ganin bambancin tunaninmu da nasu ya fito, kuma sai mun gane shi kafin mu yi hukunci. Mu mun tashi a kan cewa haƙƙi iri biyu ne, na Allah da na bawa, kuma na bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe ko an biya shi. Shi ya sa abin mai shara yake mana ɗaci. Su kuma a tafarkin Budda abin da ake gudu shi ne zaren ramuwa ya yi ta tafiya, ka kashe nawa na kashe naka, ɗana ya nemi ɗanka, don haka wanda ya tsinke zaren ko ta yaya shi ne ya yi babban aiki. Suna ma da karin magana a kan mahauci da ya ajiye wuƙa nan take ya zama waliyyinsu. Amma kada mu ce mu ba mu san irin wannan ba sam. Ku tuna hadisin mutumin da ya kashe rai 99, ya je wurin rahibi ya tambaya ko yana da tuba, rahibin ya ce babu, ya cika 100 da shi, sai da ya je wurin malami mai ilimi ya ce masa wa zai shiga tsakaninka da tuba, amma ka bar garinku. Ƙofar tuba a buɗe take ko ga irin Murong Bo. Abin da ban yarda da shi ba a aikin mai shara shi ne jinkirin, ba yafiyar ba.

Ɗan Kurmi:
Malam ko a hadisin ai an ce masa ya tashi ya bar garin, an ɗora masa wani abu. Shi wannan ɗaki aka ba shi a Shaolin da abinci sau biyu.

Ɗan Damagaram:
Hhh to ban ce ƙiyasin ya cika ta kowace fuska ba.

Na Gidan Kallo:
Ku yi haƙuri na shigo a makare, layin mai na tsaya. Ni fa da muna yara a gidan kallo in aka sa kaset ɗin Shaolin, irin su 36th Chamber na 1978 ko na Jet Li na 1982, mun ɗauka duk mai ƙwalkwabo da ɗigo a goshi mutumin kirki ne, da ya fito za mu hau tafi mun san bos ya shiga uku. Sai da na girma na fara kallon masu dogon zango na Jin Yong na ga ashe mutumin nan bai raga wa Shaolin ba ko kaɗan. Ku ɗauki Heaven Sword and Dragon Saber. Zhang Sanfeng, tsoho ya haura shekara 100, wanda ya kafa gidan faɗa na Wudang, duk ƙasar ba mai tsayawa gabansa, ya ɗauko maraya Zhang Wuji da gubar sanyi a jikinsa yana mutuwa a tsaye, ya tako har Shaolin ya ƙasƙantar da kansa yana roƙon su koya wa yaron ɓangaren Jiuyang, ilimin ƙarfin ciki, da ke hannunsu, har ya ce zai ba su nasa a musaya. Kongwen, shugaban Shaolin na lokacin, da 'yan uwansa ko cikin gida ba su shigar da shi ba, a rumfar waje suka tare shi, suka ce ai duk abin da ka iya dama daga wurinmu ka ɗauka, me za ka ba mu. Suka sallame shi da yaro a hannu. Kuma suna cikin waɗanda suka je bikin cikarsa shekara 100 suka matsa wa uban yaron lamba, ranar da ya yanka kansa a gaban jama'a. Ina tausayin da ake ta wa'azi?

Bintun Baba:
Kuma ka san me ya sa suke jin haushinsa? Su suka kore shi yana yaro! Lokacin sunansa Zhang Junbao, ɗan aiken Jueyuan mai kula da littattafai. Wani baƙo ya zo ya ƙalubalanci gidan gaba ɗaya, yaron nan ya tare shi ya fitar da su kunya, maimakon a ce sannu sai aka ce wa ya koya maka, akwai doka duk wanda ya koyi faɗa ba da izini ba a kashe shi ko a nakasa shi. Dokar da aka kafa saboda wani ma'aikacin kicin da ya koya a ɓoye shekaru da yawa baya ya kashe musu babba. Jueyuan ya zuba shi da wata baƙuwa Guo Xiang a manyan bokitan ƙarfen da aka ɗora masa na horo ya ruga da su har ƙarfinsa ya ƙare ya mutu a daren. Saboda bin doka ido rufe suka yi asarar mutumin da ya fi duk wanda suka taɓa yayewa a zamanin.

Tsohon Soja:
To wannan ba zan kare ba. Doka ba ta da ido, shi ya sa ake ɗora mutum a kanta. Amma ku ma ku faɗi na kirkin mana, ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Kongjian na Shaolin fa? Ya tsaya ya ce wa Xie Xun ka dake ni sau 13 ba zan rama ba, in dai za ka daina kashe bayin Allah don neman malaminka Cheng Kun. Ya ba da ransa.

Na Gidan Kallo:
Baba Kongjian mutumin kirki ne ba musu, na yi hawaye a wurin. Amma shi ma ai ga inda kirki ya yi yawa ya zama matsala. Cheng Kun ya kashe iyalin almajirinsa Xie Xun kaf, ya zo ya durƙusa ya yi hawayen kada ya ce ya tuba, Kongjian ya karɓe shi ya aske shi ya ba shi suna Yuanzhen, bai tambayi kowa ba. Ya yi masa alkawari zai fito ya fuskanci Xie Xun bayan duka 13, tsoho yana kwance yana fitar da rai yana jiran ya fito, shiru. Daga nan maciji ya samu rami a cikin Shaolin shekaru, ya haɗa faɗan ƙungiyoyi shida da 'yan Ming, ya kusa cinye gidan gaba ɗaya. Kirkin mutum ɗaya, jinin ɗaruruwa.

Maman Hanan:
Kun lura kuwa duk tausayinsu a kan maza masu kisa yake ƙarewa? Murong Bo a yafe, Xiao Yuanshan a yafe, Cheng Kun a ba shi riga, a wani littafin Jin Yong ma Qiu Qianren da ya daki jariri, malamin Budda Yideng ya karɓe shi almajiri. Amma mace da jariri in suka zo ƙofa sai a tuna da doka.

Ɗan Damagaram:
Hajiya a kan Yideng ki yi masa uzuri kaɗan. Lokacin da ya ƙi ceton jaririn Yinggu bai zama rahibi ba, sarkin Dali ne, kuma ɗan ba nasa ba ne, matarsa Yinggu ce ta haifa da wani, Zhou Botong. Ya ma yi niyyar ceton, sai da ya buɗe rigar yaron ya ga ƙyallen soyayyar da ta saƙa wa wancan, kishi ya rufe masa ido, ga kuma lissafin cewa in ya yi maganin zai rasa ƙarfinsa na shekara biyar gasar dutsen Hua na tafe. Nadamar wannan ce ta sa ya bar gadon sarauta. Kuma da aka kawo masa wata yarinya Huang Rong da irin wannan rauni bai yi wata-wata ba ya cece ta, ya zauna ba ƙarfi yana jiran Yinggu ta zo ta soke shi. Shi kam ya biya da abin da ya hana a farko. Wannan shi ne bambancinsa da Xuanci a wurina: ɗaya ya sauka daga kujera saboda laifinsa, ɗaya ya hau kujera da laifinsa a aljihu.

Ɗan Kurmi:
To Malam ai ka dawo layina ke nan.

Ɗan Damagaram:
Rabi da rabi. Har yanzu ina nan a kan cewa miƙewar da ya yi ranar nan ba ƙaramin abu ba ne.

Bintun Baba:
Ni abin da nake gani, Jin Yong da gangan ya yi. Ɗan jarida ne fa, shi ya kafa Ming Pao a Hong Kong a 1959, kullum yana rubuta sharhin siyasa a shafi ɗaya labarin takobi a wani shafin. Ya san yadda manyan gidaje ke yi in sunansu ya zo gaba da gaskiya. Kuma ba wai ya tsani addinin ba ne, shi kansa ya rungumi Budda sosai daga baya, har sunan littafin daga littattafansu ya samo shi. Shi ya sa mai shara ba shi da muƙami ba shi da suna, masu manyan riguna kuma kowa da ƙullin da yake ɓoyewa.

Likitan Waya:
Amma dai mai sharar ma kin ce bai yi daidai ba ɗazu.

Bintun Baba:
Eh na faɗa kuma ban janye ba. Qiao Feng ya tashi da me a ranar? Uban da ya gano yana raye ya ce masa na bar duniya, je ka. Wanda ya jawo mutuwar uwarsa yana zaune kusa da uban suna karatu tare. A'Zhu tana kabari. Ya koma arewa shi kaɗai, ƙarshe a bakin ramin Yanmen ɗin dai ya soka wa kansa kibiya bayan ya tilasta wa sarkin Liao janye yaƙi. Duk masu laifin sun samu mafita, mara laifin ne bai samu ba.

Likitan Waya:
YA MUTU?? Bintu Allah ya isa tsakanina da ke, wannan kam ban yafe ba ko mai shara ya zo da kansa.

Tsohon Soja:
Hhhh ɗana yi haƙuri. Ni dai zan sake kallon wurin bulalar a daren nan, na 1997 nake da shi a faifai, ina so in ga ko ya kalli matar ko sau ɗaya kafin ya kwanta. In bai kalle ta ba Hajiya na sallama miki.

Maman Hanan:
Ya kalle ta Baba, har ya danne mata jijiya don kada ta tashi ta karɓar masa dukan. Kallo ba shi ne ba. Ka duba min ko ya tambaye ta yara nawa ne.

Na Gidan Kallo:
Wai ba wanda zai taɓo Miejue shugabar gidan faɗa na Emei ne? Ko don ita mace ce ba ta cikin lissafi? Matar da ta fasa kan almajirarta da tafin hannu don ta ƙi zuwa ta kashe uban 'yarta.

Admin:
Na Gidan Kallo buɗe mata zarenta daban don Allah, wannan ya yi tsawo wayoyin mutane na sandarewa. Kuma daga yau duk wanda zai faɗi ƙarshen labari ya rubuta gargaɗi a sama, Likitan Waya ya turo min ƙorafi har sau uku.

Likitan Waya:
Huɗu ne admin, duba inbok.